Yadda Yaƙin Shekarar 1066 Ya Sauya Harshen Ingilishi

Harshen Ingilishi, wanda Hausawa suka fi sani da Turanci, ya samo asali ne daga ƙabilun Angul da Sakson da Jut, waɗanda suka tsallako teku daga arewacin Jamus da ƙasar Denmak ta yanzu zuwa tsibirin Birtaniya a ƙarni na 5, bayan daular Rum ta janye hannunta daga tsibirin wajajen shekarar 410. Daga sunan Angul aka samo sunan Ingila da na harshen kansa. Kafin ƙarshen ƙarni na 9 harshen ya riga ya zama na fada da na rubutu, domin Sarki Alfred, wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899, ya sa an fassara littattafai daga Latin zuwa cikinsa.

Wannan matsayi ya zube ne a shekarar 1066, lokacin da Sarki Edward ya rasu a watan Janairu bai bar ɗa ba, aka naɗa surukinsa Harold, shi kuwa Wiliyam, mai mulkin yankin Nomandi da ke arewacin Faransa, ya ce shi aka yi wa alkawarin gadon sarautar. Mutanen Nomandi jikokin mahara ne daga arewacin Turai, waɗanda suka zauna a yankin tun 911, suka bar harshen kakanninsu suka rungumi Faransanci. A ranar 14 ga Oktoba rundunonin biyu suka gwabza kusa da garin Hastings, aka kashe Harold a fagen fama, sannan a ranar 25 ga Disamba aka naɗa Wiliyam sarkin Ingila a majami'ar Westminster.

Sabon sarkin ya ƙwace filayen manyan ƙasar ya raba wa mabiyansa, ya kuma cika manyan muƙaman coci da mutanen da suka zo daga ƙetare, ta yadda harsuna uku suka raba aiki a ƙasa ɗaya. Latin ya riƙe ibada da ilimi da takardun hukuma, har ma da shi aka rubuta babban kundin ƙidayar filaye da dukiya na 1086 da ake kira Domesday. Faransanci ya zama harshen fada da na masu sarauta, daga baya kuma na shari'a, yayin da Ingilishi ya koma harshen gona da kasuwa da cikin gida. Duk da haka rubutu da shi bai yanke ba, domin masu ibada a Peterborough sun ci gaba da rubuta tarihin shekara-shekara da shi har zuwa 1154.

A cikin wannan zama ne kalmomin Faransanci suka riƙa shiga bakin Ingilawa, kuma masana harshe suna ƙiyasta cewa sun kai kusan 10,000 a zamanin da ake kira na Ingilishin Tsakiya, wato daga wajajen 1100 zuwa 1500. Mafi yawansu sun shafi mulki da shari'a da yaƙi da abinci, kamar court da judge da parliament da army. Misalin da aka fi kawowa shi ne na dabbobi, inda saniya da tunkiya suka riƙe sunayensu na asali, cow da sheep, amma namansu ya ɗauki sunayen da suka zo daga Faransanci, beef da mutton, abin da aka saba fassarawa da cewa talaka ke kiwo, basarake ke ci.

Dawowar Ingilishi ta zo ne sannu a hankali. A 1204 Sarki John ya rasa Nomandi ga sarkin Faransa, lamarin da ya tilasta wa manya masu filaye a ɓangarorin biyu su zaɓi ƙasa ɗaya. Yaƙin Shekaru Ɗari, wanda ya ɓarke tsakanin Ingila da Faransa a 1337, ya mai da Faransanci harshen abokan gaba, annobar da ta shiga Ingila a 1348 kuwa ta halaka jama'a da yawa, har ƙwadago ya yi tsada, darajar talakawa masu magana da Ingilishi ta ƙaru. A 1362 majalisa ta yi dokar cewa a riƙa yin ƙara da kare kai a kotuna da Ingilishi, ko da yake ita dokar da Faransanci aka rubuta ta. Marubuci Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya nuna cewa harshen zai iya ɗaukar adabi mai zurfi, sannan a 1476 William Caxton ya kafa maɗaba'a a Westminster, abin da ya taimaka wajen yaɗa karin harshen Landan.

Harshen da ya dawo fada ya bambanta ƙwarai da wanda aka kora daga cikinta, har ta kai Ba'ingilen yau ba ya iya karanta rubutun zamanin Alfred sai da koyo na musamman. Burbushin Faransanci kuma bai gushe ba, domin har yau da tsohon Faransancin Nomandi ake furta amincewar sarki da dokokin majalisa a wasu bukukuwanta. Tasirin ya ƙetaro har ƙasar Hausa ta hanyar mulkin mallaka, domin kalmomin kotu da soja da gwamna da gwamnati, waɗanda Hausa ta aro daga Ingilishi, shi ma Ingilishin daga Faransanci ya aro su.