Isnadin Labarin Daji: Anka, Gummi da Bukkuyum a Bakin Manema Labarai

Sau uku kafafen yaɗa labarai na duniya suka waiwayi Zamfara tun da aka cire ta daga Jihar Sakkwato a 1996, kuma kowane karo da wani suna suka kira ta. Na farko a Oktoban 1999, sa'ad da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau. Na biyu a 2010, lokacin da likitocin ƙungiyar MSF suka gano gubar dalma a ƙauyukan haƙar zinariya na Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, inda yara kimanin 400 suka rasu. Na uku shi ne zamanin 'yan bindiga. Wanda ya san yankin ta waɗannan kanun labarai kaɗai ba zai taɓa zaton Anka ce mazaunin Sarkin Zamfara ba, ko kuwa cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya shafe kusan shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi.

Abin da ya auku daga 4 zuwa 6 ga Janairun 2022 ya isa misali. 'Yan bindiga suka afka wa ƙauyuka da dama a Anka da Bukkuyum. Mazauna suka shaida wa manema labarai cewa an kashe mutum kusan 200. Gwamnatin jiha ta ce 58 ne. Haka adadin biyu suka zaga duniya kafaɗa da kafaɗa. Ɗalibin ilimin hadisi zai fara da tambaya: wa ya gani, wa ya ƙirga, wa ya faɗa wa wa? Mafi yawan irin waɗannan rahotanni ta waya ake haɗa su daga Gusau ko Kaduna ko Abuja, kuma tushensu shi ne mazaunin da ya nemi a sakaya sunansa. A ma'aunin muhaddisai wannan mai riwaya mubhami ne. Sai dai ban ga laifinsa ba, domin wanda ya ambaci sunansa yau, gobe yana iya zama cikin ƙidayar. Sanarwar hukuma kuwa, ko da isnadinta a bayyane yake, mai ita yana da maslaha a ƙanƙantar adadin. Ibn Khaldun ya ja kunnen marubuta tarihi a Muƙaddimarsa kan lambobi musamman, har ya soki Mas'udi a kan yawan rundunar Banu Isra'ila, ya nemi a auna adadi da yanayin wuri. Wannan awo yana bukatar wanda ya taka ƙasar, ya ga makabarta, ya zauna da limamin da ya sallaci gawawwaki. Watanni huɗu kafin harin ma, a Satumban 2021, an katse layukan waya a faɗin jihar, sai garuruwa na ƙuryar yamma kamar Gummi, mai iyaka da Kabi da Sakkwato, suka yi makonni babu ko wannan raunanan isnadi.

Sai batun suna. A Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, aka buga hukuncin a gazet ranar 5 ga Janairu, ana tsakiyar wancan kisa. Kalmar ta sauƙaƙa wa mai karatu na nesa ya zuba su a buhu ɗaya da Boko Haram, alhali rikicin nan ya tsiro ne daga satar shanu, da cinye burtali da makiyaya, da ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da Fulanin daji, sannan kuɗin fansa da zinariya suka rura shi. Fiƙihunmu yana da suna mafi dacewa: hiraba, wadda aya ta 33 ta Suratul Ma'ida ta yi hukunci a kanta, kuma Malikawa suka bambanta ta da bagyu, domin bagi yana da tawili, muharibi kuwa dukiya da tsoratar da matafiya ne gabansa.

A Yulin 2022 sashen BBC Africa Eye ya fitar da shirin da ya shiga har sansanonin 'yan bindigar Zamfara. Ministan yaɗa labarai Lai Mohammed ya ce an kambama ta'addanci, kuma a Agusta hukumar NBC ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda nata shirin. Na ji masu kafa hujja da aya ta 83 ta Suratun Nisa'i don goyon bayan tarar. A fahimtata ayar ta zargi gaggawar yaɗa labarin tsoro kafin a mayar da shi ga masu iya tantancewa. Ba ta hana a je a gani ba. Waɗanda aka hukunta a wannan karo su ne 'yan kaɗan da suka gajarta isnadin da ƙafafunsu. Da yake BBC ba ta ƙarƙashin ikon hukumar, sai tarar ta faɗa kan Multichoice da Startimes da TSTV, waɗanda suka watsa shirin.