Hanyar Zariya Zuwa Tsaunukan Jos: Tarihin Masauki da Sufuri a Lokacin Kaka

Tun kafin zuwan Turawa, tafiya daga birnin Zazzau zuwa tsaunukan da ke kudu maso gabas, wato yankin da ya tashi daga Kauru da Lere ya hau har tudun Jos, yanayin shekara ne yake yanke mata lokaci. Da damina rafuka sukan cika su batse, ciyawa ta rufe turba, jakuna su kasa ratsa taɓo da kaya a gadon bayansu, ga shi kuma kowane magidanci yana fama da gonarsa. Sai kaka ta kama, daga wajen Oktoba zuwa Disamba, lokacin da amfanin gona ya isa gida, ruwa ya janye, hatsi da harawa suka yi araha a ƙauyukan bakin hanya, sannan fatake suke ɗaure mangala su kama hanya.

Fatake, wato 'yan kasuwa masu dogon zango, ba sa tafiya ɗai-ɗai, sai dai cikin ayari a ƙarƙashin madugu, wanda shi ke sasantawa da sarakunan hanya a kan kuɗin da za a biya, jagaba kuwa yana gaba domin ya san mashigar kowane rafi da inda za a kwana. Wurin kwanan shi ne zango, fili ne a bayan gari kusa da ruwa, inda ake kafa bukkokin kara, a turke dabbobi, a jera kaya a tsakiya, matan gari kuma su fito da fura da tuwo na sayarwa kafin magariba. Wanda ya shiga cikin gari yakan sauka wurin fatoma, mutumin da sana'arsa ita ce saukar baƙi, wanda yake ba baƙo ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan aka sayi hajarsa bashi, a ƙarshe ya sami rabonsa daga la'ada. Abin da baƙo yake nema a wurin fatoma ya wuce tabarmar kwanciya, domin a garin da ba a san asalin mutum ba, sunan mai masaukinsa ne jinginarsa.

Wannan tsari yakan yi rauni da zarar an isa gindin duwatsu. Al'ummomin da ke zaune a kan tsaunuka sun kewaye ƙauyukansu da shingen kyarana, kuma suna da dalilin ƙin amincewa da baƙon da ya fito daga arewa, tun da yake daga masarautun Zazzau da Bauci ake kai musu harin kamun bayi a ƙarni na 19. Saboda haka yawancin fatake sukan tsaya a garuruwa masu ganuwa irin su Lere, a nan ake musayar gishiri da kanwa da tufafi.

Kuza ce ta sauya al'amarin. Maƙeran Ririwai sun daɗe suna narka ta, amma bayan Ingila ta kama Zariya a 1902, kamfanonin Turawa suka bi sawun ma'adinin har tudun Jos, inda da farko 'yan dako suke ɗaukar sa a ka zuwa Loko a bakin Binuwai. Layin dogo na Baro zuwa Kano ya iso Zariya a 1911, a gefen tasharsa kuma Sabon Gari ya tsiro, aka zaunar da ma'aikatan jirgi da akawunan kamfanoni, galibi mutanen kudu, yayin da baƙi 'yan arewa suka fi taruwa a Tudun Wada. Daga wannan tasha aka ja wani ƙaramin layi da ake kira layin Bauci, ko da yake bai taɓa isa garin Bauci ba. Ya kai Rahama a 1912, ya haura ta Jengre zuwa Jos da Bukuru a 1914, tsawonsa kimanin kilomita 230. Faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne, alhali babban layi ƙafa 3 da inci 6 ne, don haka tarago ba ya ƙetarawa daga wannan zuwa wancan, dole a sauke kaya da fasinja a Zariya a sake lodi. Wannan tsaiko ya ciyar da 'yan dako da masu tuwo da masu ba da hayar ɗaki a Sabon Gari shekaru da dama.

Jirgin ya yi suna wajen nawa, musamman a hawan dutse, sai dai ya mayar da tafiyar kwanaki ta koma ta yini. Fasinjojinsa na kaka mafi yawa 'yan cin rani ne, manoman da suka gama girbi suka nufi haƙar kuza domin su haɗa kuɗin haraji da na aure, su komo kafin ruwan shuka. A can sukan sauka a barikin ma'adinai, rukunin bukkoki ƙarƙashin wani shugaban lebura, kuma kusan kullum mutum yakan nemi barikin da ɗan garinsu yake, kamar yadda kakansa yake neman fatoman da ya sani. Tudun Jos ya haura mita 1,200, sanyin hunturunsa kuwa ba irin na Zariya ba ne, abin da ya zama masifa tsakanin 1942 da 1944, lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta tilasta wa dubban talakawa aikin kuza saboda Yaƙin Duniya na Biyu, aka zuba su a bukkoki ba bargo ba wadataccen abinci, da yawa suka mutu. Wannan sanyi dai shi Turawa suke hawa nema a lokacin hutu, suna sauka a otal ɗin Hill Station da gidajen baƙi na gwamnati.

Samaru, da ke kusa da Zariya, ta shigo labarin daga baya. An kafa tashar binciken aikin gona a can a 1922, sashen binciken cututtukan dabbobi kuma ya tashi daga Zariya ya koma Vom da ke tudun Jos a 1924, lamarin da ya sa ma'aikata suka riƙa kai da komowa tsakanin wuraren biyu. Layin Kaura Namoda, wanda aka kammala a 1929, ya ratsa ta gefen garin, amma mai niyyar Jos sai ya gangara Sabon Gari tukuna.

Ƙaramin layin ya fara rasa kaya tun 1927, da babban layi ya isa Jos ta Kafanchan, aka kuma rufe shi a 1957. Motoci suka gaji aikinsa a titin da ya bi ta Soba da Pambeguwa da Saminaka da Jengre, kusan sawun da jirgin ya bari, 'yan kamasho suka karɓi aikin tara fasinja, otal-otal kuma suka yawaita a Sabon Gari da Jos. Duk da haka, ɗan kasuwar da ya hau sayen dankalin Turawa ko masara bayan girbi har yau yakan fi son sauka wurin maigidansa na kasuwa, wanda zai ajiye masa buhuna ya kuma nemo masa motar da za ta sauko da su Zariya.