Jirgin Da Ruwa Ke Ja, Da Namu Da Muka Bari Ya Mutu

Mu mutanen bakin Kwara, tun daga Shanga zuwa Yelwa har Wara, ba sai an koya mana ƙarfin ruwa ba. Iyayenmu sun ga abin da ya yi bayan an kammala madatsar Kainji a 1968, yadda ya haɗiye tsohuwar Busa da ƙauyuka masu yawa, ya tayar da mutane fiye da 40,000 daga gidajen kakanninsu, ya kuma ba ƙasa wutar lantarki. Amma da za a ce wa masuncin Shanga akwai jirgin ƙasa da ruwa kaɗai ke hawa da shi kan dutse, ba kwal ba mai, sai ya ce tatsuniya ake yi masa. To, mai karatu, akwai shi, kuma yau shekararsa fiye da 130 yana aiki.

A yankin Devon na ƙasar Ingila akwai garuruwa biyu maƙwabta. Lynmouth na bakin teku, Lynton kuwa na bisa dutse, tsakaninsu hawan ƙafa 500. A da, kayan da jiragen ruwa suka sauke, kamar kwal da abinci, dawaki ke haurawa da su cikin wahala. A 1888 majalisar ƙasar ta amince a kafa kamfanin da zai shimfiɗa dogo a jikin dutsen, ta kuma ba shi iznin ɗibar ruwan kogin West Lyn har abada. Aka buɗe shi a 1890. Abin da zai ba mu sha'awa mu marubuta shi ne, mafi yawan kuɗin aikin daga aljihun George Newnes ya fito, wato mai buga mujallu, wanda daga baya mujallarsa ta Strand ta yaɗa labaran Sherlock Holmes.

Yadda jirgin ke tafiya ba wuyar ganewa ga wanda ya san guga. A ɗaura guga biyu a igiya ɗaya, a rataya a reshe, wanda ya fi nauyi shi zai sauka ya ɗaga ɗan uwansa. Haka taragu biyun suke, igiyar ƙarfe ta haɗa su, kowanne da tanki mai cin galan 700 a ƙarƙashinsa. Bututu ke kawo ruwa daga kogi a cika tankin na sama. Da fasinja sun shiga, sai direban na ƙasa ya yi ta zubar da nasa ruwan har na sama ya rinjaye shi, wannan ya gangaro, wancan ya hau, birki na tsare gudunsu.

Ba wai masifa ba ta taɓa garin ba. Ambaliyar 1952 ta kashe mutum 34 a yankin, a 2018 kuma ƙasa ta zabtare ta rufe dogon, aka gyara aka ci gaba. Abin da ya raya shi uku ne: yana da mai shi, yana da masu hawa suna biya, kuma abin da yake ci ba a sayensa. Ko a garin Folkestone, inda irinsa na 1885 ya tsaya a 2017 saboda matsalar birki, mutanen gari ne suka haɗu suka nemi kuɗin gyara, ba su zauna jiran gwamnati ba.

Yanzu mu dawo gida. Dogo bai taɓa zuwa ƙasar Yauri ba, amma jirgin ƙasa na farko a Arewa ɗan bakin kogi ne, kamar na Lynton. A 1901 Lugga ya sa aka shimfiɗa ɗan siririn dogo, mai faɗin ƙafa biyu da rabi, don ɗauko kaya daga jiragen ruwa a kogin Kaduna zuwa Zungeru, sabuwar hedkwatarsa, daga baya aka ja shi har Barijuko. Da babban dogo daga Ikko ya iso Zungeru, sai aka tumɓuke shi. Na Baro, shi ma daga bakin Kwara ya tashi a 1907 ya isa Kano a 1911, amma reshen Baro zuwa Minna ya zama kufai. Ɗan siririn dogon da ke ɗauko kuza daga Bukuru zuwa Zariya, wanda aka gama a 1914, an rufe shi a 1957. Abin da ya tsira daga na Zungeru shi ne kan jirgin da aka girke a Minna, ana kallonsa, ba ya motsi.

Wani zai ce ai kayan mulkin mallaka ne, su tafi. Gaskiya ne an yi su don kwasar arzikinmu. Amma wa ya haƙa ƙasar, wa ya ɗauki ƙarfen a ka? Kakanninmu ne, da yawansu aikin tilas. Turawa sun rubuta tsawon mil da kuɗin da aka kashe. Sunayen leburorin, da waƙoƙin da suka yi, da waɗanda suka mutu a hanya, mu ya kamata mu rubuta, ba mu yi ba.

'Yan uwa marubuta, ba mu da kuɗin tayar da dogon Baro, amma muna da biro da takarda. Waɗanda suka ga Baro da Zungeru a zamaninsu sun tafi da labarinsu. Waɗanda suka ga tashin Kainji kuwa suna nan, yaran 1968 ne dattawan Shanga da Ngaski a yau. Sun san inda kasuwa take a ƙarƙashin tafki, sun san tsibiran Gungawa da ruwa ya cinye, sun san yadda aka kwashe su zuwa sababbin gidaje. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. A je a zauna da su tun suna iya magana, kada abin da ya sami dogonmu ya sami tarihinmu.