Tsiraru, Ƙarfafawa, da Fannin da Ya Kasa Tsayawa Kan Suna Ɗaya

A Amurka, mai neman gurbin digirin digirgir sai ya rubuta wa jami'a takardar bayyana manufarsa. Cikin masu neman fannin nazarin halayyar ɗan Adam a wurin aiki, ba wuya ka ga wanda ya rubuta cewa burinsa shi ne ya ƙarfafa al'ummomi marasa rinjaye. Niyya ce mai kyau. Amma kafin mutum ya sadaukar da shekara biyar ko fiye, ya kamata ya san abin da ke kwance a ƙarƙashin kalmomin da ya jera.

Shi kansa fannin sunansa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Amurkawa na kiransa nazarin halayya na masana'antu da ma'aikatu, 'yan Ingila na kiransa na sana'o'i, sauran Turai kuma na aiki da ma'aikatu. Sunan farko ya fito ne daga masana'anta. A 1913 Hugo Münsterberg na Jami'ar Harvard ya fitar da littafi kan yadda ilimin halayya zai ƙara yawan abin da ma'aikaci ke samarwa, kuma tambayar da ta fi damunsa ita ce yadda za a zaɓo wanda ya fi dacewa da kowane aiki. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, Robert Yerkes ya jagoranci gwada basirar sojoji kimanin miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai, masu karatu da jarrabawar Alfa, marasa karatu da ta Beta. Daga sakamakon ne Carl Brigham ya rubuta littafi a 1923 yana cewa baƙar fata da baƙin da suka zo daga kudanci da gabashin Turai ba su kai fararen arewacin Turai basira ba. A 1930 ya janye maganar da kansa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Sashen da ke kula da fannin a ƙungiyar masana halayya ta Amurka ya fara ne a 1945 da sunan masana'antu da kasuwanci. Sai a 1973 aka ƙara kalmar "ma'aikatu", alamar cewa an fara kallon shugabanci da mu'amala da al'adar wurin aiki, ba tantance masu neman aiki kaɗai ba. Duk da haka, mai biyan kuɗin masanin bai canza ba: shi ne mai kamfani. Wannan ne ya sa masanin tarihi Loren Baritz, a littafinsa na 1960, ya kira irin waɗannan masana barorin masu iko. Zargin yana da zafi, kuma a ganina har yau bai faɗi ƙasa banza ba.

Sai batun waɗanda ake son a ƙarfafa. A nan Hausa ta fi Turanci sa'a, domin tana da kalmomi biyu inda Turanci ke fama da ɗaya. "Tsiraru" ƙidayar kawuna take yi. "Marasa rinjaye" kuwa nauyin magana take aunawa: wa ake ji idan ya yi magana, wa ake shurewa. Masanin zamantakewa Louis Wirth na Jami'ar Chicago ya zaɓi ma'ana ta biyu tun 1945, inda ya ce abin dubawa shi ne a ware mutane saboda kamanninsu ko al'adarsu a riƙa yi musu bambanci. Baƙar fatar Afirka ta Kudu a zamanin wariyar launin fata su ne mafi yawa nesa ba kusa ba, amma ba su da rinjaye. Kuma matsayin yana tafiya da wuri: Bahaushen da ke Kano ba ya cikin tsiraru, ɗan uwansa da ke zango a Kumasi yana ciki. A Najeriya ma da aka kafa Kwamitin Willink a 1957, abin da aka ɗora masa shi ne binciken fargabar ƙananan ƙabilu, wato tsoron danniya, ba ƙidayar su ba.

A wurin aiki kuwa yawa da rinjaye suna haɗuwa. Rosabeth Moss Kanter ta nuna a 1977 cewa idan wani rukuni bai wuce kashi 15 cikin ɗari na ma'aikata ba, 'ya'yansa kan zama abin kallo: kuskuren mutum ɗaya a ɗora wa jinsinsa duka, nasararsa kuma a ce dace ne.

Kalmar da ta fi kowace zamewa ita ce "ƙarfafawa". Barbara Solomon ta yi amfani da ita a 1976 a littafinta kan aikin jin ƙai a unguwannin baƙar fata, tana nufin a kawar da shingayen da suka hana mutane iko da rayuwarsu. Da kalmar ta shiga ofisoshin kamfanoni sai ta yi laushi. Ma'aunin da Gretchen Spreitzer ta fitar a 1995, wanda ɗaliban fannin ke amfani da shi sosai, yana tambayar ma'aikaci ko yana jin aikinsa na da ma'ana, ko yana jin ya iya, ko yana jin yana da zaɓi da tasiri. Duk magana ce ta yadda mutum ke ji. Ana iya samun maki mai yawa a wannan ma'auni alhali albashi da muƙami suna nan inda suke. Mu a nan mun ga inda kalmar ta ƙare a bakin 'yan siyasa: rumfa, lasifika, da rabon keken ɗinki da injin markaɗe.

Abin mamaki, kalmar da ta fi yi wa marasa rinjaye aiki a tarihin fannin busasshiya ce, ba mai sa ta a takardar neman gurbi. Ita ce abin da za a iya kira illar bambanci: ƙa'idar da a ido take daidai ga kowa amma a aikace take tankaɗe wani rukuni. Kafin 1965, a tashar wutar lantarki ta Dan River da ke jihar North Carolina ta Amurka, kamfanin Duke Power yana da sassa biyar. Baƙar fata a sashen leburori kawai ake ɗaukarsu, inda albashi mafi tsoka bai kai mafi ƙanƙanta na sauran sassan huɗu ba. Ranar 2 ga Yuli 1965, ranar da dokar hana wariya wajen ɗaukar aiki ta fara aiki, kamfanin ya ƙara sharaɗin cin jarrabawa biyu a kan takardar sakandare da ya riga ya gindaya ga mai son shiga sauran sassan. Ɗaya daga ciki ita ce Wonderlic: tambaya 50 cikin minti 12, ƙirar wani masanin wannan fanni. Wani ma'aikacin tashar, Willie Griggs, da abokan aikinsa baƙar fata 12 suka kai ƙara. A 1971 Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya ba tare da saɓanin alƙali ko ɗaya ba: ko da babu mugun nufi, duk jarrabawar da ke tankaɗe wani rukuni dole mai kamfani ya nuna tana da alaƙa da aikin.

Daga nan aka samu ƙa'idar huɗu bisa biyar a 1978. A ce farare 100 sun nemi aiki an ɗauki 60, baƙaƙe 50 sun nema an ɗauki 20. Kashi 40 ke nan a kan kashi 60, wato biyu bisa uku, bai kai huɗu bisa biyar ba. To an ga alamar illa, sai kamfani ya kawo hujja. Wa zai fayyace abin da aikin ke buƙata dalla-dalla, ya auna ko makin jarrabawar yana hasashen ƙwazo, ya tsaya a gaban alƙali ya ce wannan tambayar ba ta da haɗi da jan gawayi zuwa tukunyar wuta? Mai digirin digirgir a wannan fanni. Galibin shekarun karatunsa a lissafin ƙididdiga da auna ingancin jarrabawa suke tafiya, kuma a irin waɗannan shari'o'i ɓangarorin biyu kowanne kan ɗauko nasa daktan.