Galmar kakana da hauyar tsaye

Bara da rani na je gida Gidan Rumji, na tarar yara sun sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe galmar kakana. An ɗora ta a sikeli tare da fasassun tukwane, aka ba su abin da bai kai jika ɗaya ba. Ban yi faɗa ba, domin ni ma ban taɓa zaunar da su na gaya musu abin da take nufi ba.

A gidanmu akwai kayan noma iri biyu. Akwai galma mai gajeriyar ƙota, wadda sai an duƙa ake juya ƙasa da ita, akwai kuma hauyar tsaye mai ƙota wadda ta fi mutum tsawo, ana tura ta gaba tana yanke ciyawa ƙarƙashin rairayi. Ta farko ta fadama ce, ta biyu ta jigawa. Tarihin ƙasarmu yana tsakaninsu. Bayan yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawa suka kafa Tsibiri, jama'a suka taru a kwarin Gulbin Maraɗi kusa da ganuwa, saboda fita daji da nisa kasada ce. Gona kaɗan ce, ƙasa mai nauyi, aiki na duƙe. Da yaƙe-yaƙe suka lafa a farkon zamanin Faransa, sai magidanta suka bazu jigawa suna saran daji, shi ya sa ƙauyuka masu suna "Gidan wane" suka yi yawa. Gona ta yi faɗi, kuma mutum ɗaya da hauyar tsaye yana nome abin da mai galma ba zai kai ba. Wani Bafaranshe mai bincike, Claude Raynaut, ya yi rubutu a kan kayan noman jihar Maraɗi a 1984. Abin kunya, a takardarsa na fara ganin abin da ke jingine a zaurenmu da idon daraja.

Kayan kasuwa ma haka. Da Barth ya biyo ta Tasawa da Gazawa a farkon 1851, wuri ne kuɗi, ana zube shi a ƙasa a ƙirga da yatsu biyar-biyar. Wuri ya tafi, amma har yau ɗan lakwal yana ƙirga kuɗi da dala, ba tare da ya san sunan wata azurfa ce da fatake ke yawo da ita ba. Tiyar awon hatsi kuwa, ƙwarya ce kafin kwano ya ture ta.

Gidan tarihi na Bubu Hama da aka buɗe a Yamai a 1959 ya fi kilomita 500 daga nan. Yaranmu nawa za su je? Saboda haka na roƙi wani abokina malamin makaranta ya ba ni kusurwar ajinsa. Yanzu muna da sungumi ɗaya, magirbi biyu, lauje, tsohon taiki da wuri ɗan cikin hannu, kowanne da takarda mai sunan gidan da ya fito. Iyaye da yawa sun ƙi bayarwa, wai kayan gado ba sa fita gida, kuma ban ga laifinsu ba. Aro muke yi na mako guda. Wani tsohon maƙeri ya yi alkawarin zuwa bayan girbi ya nuna wa yara yadda ake ƙera ruwan galma, in mun samo masa gawayi da mai zuga.