Agogon Azurfa da Kuskuren da Aka Yi wa Kano

 

Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, wato minti 4 ga kowane digiri. Saboda haka rana takan yi zawali a Maiduguri kusan minti 18 kafin ta yi a Kano, mu kuma mukan riga Sakkwato da kamar minti 13. Nakan ja kunnen ɗalibaina na Gyadi-Gyadi da Tarauni kada su sha ruwa da jadawalin da aka turo musu daga wani gari. A kan wannan lissafi aka gina agogon da ake kira kuronomita: idan kana riƙe da lokacin garin da ka baro daidai, ka kwatanta shi da zawalin inda kake, ka san nisanka gabas ko yamma.

Wahalar ita ce samun agogon da zafi da girgizar jirgin ruwa ba za su rikita shi ba. A 1714 majalisar Ingila ta sa kyautar fam 20,000 ga wanda ya warware matsalar. John Harrison, wanda asalinsa kafinta ne, ya shafe kusan shekara 30 yana gwaji, har ya kammala H4 a 1759. Agogo ne mai siffar na aljihu, cikin gidan azurfa, faɗinsa kamar santimita 13. Da ɗansa ya kai shi Jamaika a tafiyar 1761 zuwa 1762, daƙiƙa 5 kacal ya yi kuskure. Duk da haka sai da tsohon ya kai kuka wurin Sarki George na Uku kafin a ƙara masa kuɗi a 1773, yana da shekara 80. Bayansa John Arnold da Thomas Earnshaw suka sauƙaƙa ƙirar, ta ƙanƙance ta shiga aljihu.

To, ina ruwan Kano? Hugh Clapperton ya shigo birnin a Janairun 1824. Nisan Kano daga tsakiyar duniya ya auna shi da rana, ya sami digiri 12, kuma ya dace. Amma nisanta gabas da kirdadon tafiyar ayari ya lissafa shi tun daga Kukawa, ya rubuta digiri 9 da minti 20. Gaskiyar kuwa kusan 8 da rabi ce. Ya ture birnin Dabo wajen kilomita 90 zuwa gabas!

Abin da ke ba ni takaici shi ne, wannan ilmi ba baƙo ba ne a gidanmu. Tun 1025 Al-Biruni ya kammala littafi a kan nisan garuruwa domin ya fitar da alƙiblar Gazna. Taƙiyyuddin kuma ya rubuta littafi a kan ƙirar agogo a 1559, ya kafa ɗakin nazarin taurari a Istanbul a 1577. A 1580 aka rushe ɗakin da umarnin Sarki Murad na Uku.