Babi na Uku: Tarihin Allon Tagulla na Harsashin Ginin Old East a Jami'ar Karolina ta Arewa

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi tsokaci a kan tarihin wani ɗan allo na tagulla da aka binne a harsashin ginin farko na Jami'ar Karolina ta Arewa da ke garin Chapel Hill a ƙasar Amurka. Za a dubi yadda aka aza harsashin, da abin da aka rubuta a jikin allon, da ɓacewarsa, da kuma yadda ya komo hannun jami'ar. Manufar babin ita ce a nuna cewa binne saƙo a cikin dutse bai isa ya tsare shi ba, sai in akwai mutanen da suka san ma'anarsa. Haka kuma za a nuna cewa irin wannan saƙo labarin masu iko yake bayarwa.

3.1 Ma'anar Ajiyar Harsashi da Asalinta

Abin da ake nufi da ajiyar harsashi shi ne duk wani rubutu ko kaya da magina suka rufe a cikin tushen gini da gangan, domin na baya su tarar. Wannan al'ada daɗaɗɗiya ce. Sarakunan Mesofotamiya, wato ƙasar Iraƙi ta yau, sukan binne rubutu ɗauke da sunayensu a ƙarƙashin wuraren bautar da suka gina. Alal misali, Sarki Nabonidus na Babila, wanda ya yi mulki a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), ya sa an yi haƙa a garin Sippar har aka iske rubutun Sarki Naram-Sin wanda ya riga shi da shekaru fiye da dubu.

A Turai da Amurka kuwa, al'adar ta haɗu da bikin aza harsashi. A ƙarni na 20 an yi ajiyoyin da aka ƙayyade ranar buɗe su tun daga farko, kamar wadda kamfanin Westinghouse ya binne domin baje kolin duniya na birnin New York na 1939, da wadda Jami'ar Oglethorpe ta rufe a 1940 da nufin a buɗe ta a shekarar 8113. Allon da ake magana a kansa ya riga waɗannan da kusan ƙarni ɗaya da rabi, kuma ba a yanka masa ranar fitowa ba.

3.2 Aza Harsashin Ginin a 1793

Majalisar dokokin jihar Karolina ta Arewa ta amince da dokar kafa jami'ar a watan Disamba na 1789. Wanda ya tsaya tsayin daka a kan dokar shi ne William Richardson Davie, lauya kuma tsohon hafsan soja a yaƙin neman 'yancin Amurka, wanda daga bisani ya zama gwamnan jihar a 1798. A ranar 12 ga Oktoba, 1793 ne Davie ya aza harsashin ginin farko, shi kuma malamin addinin Kirista Samuel McCorkle ya gabatar da jawabi.

Davie ya jagoranci bikin ne a matsayinsa na shugaban ƙungiyar Firimason ta jihar. Ita wannan ƙungiya ta 'yan'uwantaka ce ta maza, wadda ta samo tushe daga ƙungiyoyin magina dutse na Birtaniya, kuma a wancan zamani manyan ƙasa da dama suna cikinta. Saboda haka akan gayyace ta aza harsashin manyan gine-gine. A watan Satumba na wannan shekara ma, Shugaba George Washington ya aza harsashin ginin majalisar dokokin Amurka bisa tsarin ƙungiyar.

Ginin da aka tayar bene ne na jan bulo mai hawa biyu, wanda ya haɗa ɗakunan kwana da na karatu. An buɗe jami'ar a Janairu na 1795, ɗalibi na farko kuma, Hinton James, ya iso a Fabrairu. An ƙara wa ginin hawa na uku a 1822, aka kuma tsawaita shi a shekarun 1840. Daga baya ne aka riƙa kiransa Old East, wato tsohon ginin gabas. Shi ne gini mafi daɗewa a jami'o'in gwamnatin jiha na Amurka, kuma har yanzu ɗalibai ke kwana a cikinsa.

3.3 Abin da Allon ya Ƙunsa

Wani maƙerin fari na garin Hillsborough mai suna Roswell Huntington ne ya zana rubutun da ke jikin allon. Allon bai kai girman shafin littafin rubutu ba. Fuska ɗaya an rubuta ta da Ingilishi, ɗayar kuma da Latin, harshen ilimi na Turai a lokacin. Rubutun ya ambaci sunan Davie da muƙamansa, da rassan ƙungiyar biyu da suka taya shi, sannan ya kawo ranar bikin.

Abin lura a nan shi ne yadda aka ƙidaya shekarar. An rubuta 5793 bisa lissafin ƙungiyar, wadda takan ƙara 4000 a kan shekarar Miladiyya. An kuma rubuta cewa shekara ce ta 18 da samun 'yancin Amurka, wato ana ƙirgawa daga 1776. Wannan ya nuna cewa masu bikin sun ɗauki jami'ar a matsayin 'yar sabuwar ƙasa, wadda za ta horar da waɗanda za su riƙe ta.

3.4 Ɓacewar Allon da Komowarsa

Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya durƙusar da jami'ar. Sojojin gwamnatin tarayya sun shiga Chapel Hill a Afrilu na 1865, dukiyar jami'ar ta salwanta, ɗalibai suka yi ƙaranci, har aka rufe ta daga 1871 zuwa 1875. Masana tarihin jami'ar sun fi danganta ɓacewar allon da waɗannan shekaru, lokacin da gine-gine suka zauna ba mai kula da su.

A shekarar 1916 allon ya ɓulla a garin Clarksville na jihar Tenesi, ɗaruruwan mil daga inda aka binne shi. An tsince shi ne cikin tarin tsofaffin ƙarafa da ake shirin narkarwa a wata maƙera. Mai maƙerar, Thomas Foust, tsohon ɗalibin jami'ar ne, saboda haka da ya ga sunan Davie sai ya gane abin da ke hannunsa. An miƙa allon ga shugaban jami'ar na lokacin, Edward Kidder Graham, a ranar 12 ga Oktoba, 1916, wato shekara 123 daidai da binne shi. Ba a mayar da shi cikin harsashi ba. Yana cikin kayan tarihin da ɗakin karatu na Wilson yake kula da su.

Idan aka yi la'akari da wannan, za a ga cewa dutsen da aka damƙa wa amanar allon bai riƙe ta ba. Abin da ya kuɓutar da shi daga wuta shi ne ilimin tarihin jami'ar da ya zauna a kan tsohon ɗalibinta. Da a ce wanda bai san Davie ba ne ya tsince shi, da nauyin tagullarsa kawai za a auna.

3.5 Waɗanda Allon bai Ambata ba

Hausawa kan ce, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Allon ya kawo sunan wanda ya aza dutse ɗaya, amma ya yi shiru game da waɗanda suka ɗora sauran. Binciken da jami'ar ta yi a kan tarihinta ya tabbatar da cewa bayi baƙaƙen fata suna cikin waɗanda suka yi aikin gina Old East da sauran gine-ginen farko, kuma shi kansa Davie ya mallaki bayi. An haramta bauta a 1865, amma jami'ar ba ta karɓi ɗalibai baƙaƙe ba sai a 1951 a sashen lauya, bisa umarnin kotu, sannan masu neman digirin farko a 1955.

Sai a 2005 ne aka kafa abin tunawa da waɗannan ma'aikata a harabar jami'ar, kyauta daga ɗaliban da suka kammala a 2002. Tebur ne na baƙin dutse wanda ƙananan mutum-mutumi 300 na tagulla suke ɗauke da shi. Ke nan an shafe fiye da shekara 200 tsakanin tagullar da ta ambaci shugaba da wadda ta tuna da leburori.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an bi tarihin allon tun daga 1793 zuwa komowarsa a 1916. An ga cewa ya tsira ne saboda jami'ar ta ci gaba da sanar da ɗalibanta tarihinta, kuma har yau tana bikin ranar 12 ga Oktoba a kowace shekara. An kuma ga cewa allon hujja ce ingantacciya game da rana da jagoran bikin, amma bai wadatar ba game da waɗanda suka yi ginin. Don haka wajibi ne mai nazarin irin wannan ajiya ya haɗa ta da takardun kwangila da na biyan kuɗi kafin ya yanke hukunci.